Yadda ake karanta kufan kuza a ƙasar Jos

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Bukuru, ina kuma shirin karatun digiri na biyu. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo aikin kuza, a nan ya rasu. Kullum ina wuce kududdufai da tulin jar ƙasa da kamfanoni suka bari, ina ji a jikina akwai tarihi a wurin, amma ban san ta inda zan kama ba. Shin ku masu binciken kayan tarihi kuna ɗaukar irin waɗannan wurare abin nazari? In haka ne, wace hanya ake bi? Dole ne sai da tono da injuna masu tsada?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan kakanka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko wurin da bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba ya isa a kira shi wurin tarihi, sannan ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya nazarinsa. Amsar duka biyun ita ce ƙwarai kuwa. A Ingila, tsofaffin filayen haƙar kuza da jan ƙarfe na yankin Konwal da yammacin Debon sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2006, kuma abin da aka adana a can ɗin ramuka ne da tulin ƙasa da gidajen injin da unguwannin lebura. Namu na nan bai gaza nasu labari ba. Batun tono kuwa, shi ne na ƙarshe a wannan aiki, sau da yawa ma ba a kai gare shi. Yawancin aikin safiyo ne: a nemo abin da ke fili, a auna, a zana, a gano wanne ya riga wanne.

Haƙa ɗaya ba ce

Kuskuren da na fi gani wurin masu farawa shi ne ɗaukar duk wani rami a matsayin "na Turawa". Filin da kake wucewa hannuwa da yawa ne suka juya shi, ɗaya bayan ɗaya, kowane da irin tabon da ya bari.

Kafin zuwan Turawa ana wanke kuza a rafuka ana narka ta. Ririwan Dalma a ƙasar Bauci da Ririwai a ƙasar Kano sun yi suna da wannan sana'a, kuma 'yan siraran sandunan dalma, wato narkakkiyar kuza, da fatake ke yawo da su ne suka ja hankalin kamfanin Niger Company har ya aiko a nemo tushensu a farkon shekarun 1900. Daga sansanin Naraguta abin ya bazu, zuwa wajen 1910 kamfanoni sun yi ca a kan tsaunin. A wancan zamani aikin na diga ne da shebur da kwanon sarki. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban layi ya shigo Jos ta Kafanchan a 1927, aka rufe ƙaramin a 1957. Lantarki daga ruwan Kwall, daga baya kuma na kamfanin lantarki na NESCO daga Kurra, shi ya ba da damar girka manyan famfuna da injunan kwasar ƙasa masu dogon hannu, irin waɗanda babban kamfanin haƙar kuza na ATMN ya yi aiki da su. Tsakanin 1942 da 1944 aka yi diban gwamna, aka kwaso mutane daga larduna aka tilasta musu aikin kuza saboda yaƙi, sanyi da cuta suka kashe da yawa. A farkon shekarun 1950 kolombait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ta yi tsada, sai kamfanoni suka koma kan tsofaffin tulin yashin da suka zubar suna sake wankewa. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka durƙushe, 'yan loto, masu haƙa ramuka kamar rijiya da hannu, suka gaji filin, kuma har gobe suna ciki.

Na jero maka wannan ne domin ka ga cewa wuri ɗaya yana iya ɗauke da aikin zamani huɗu ko biyar, na baya yana cin na gaba gare shi.

Takarda kafin takalmi

Ba na barin ɗalibi ya taka fili sai ya yi makonni da takardu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin lardin Filato, cikinsu har da na izinin haƙa da na ƙorafin diyyar gonaki. Rahotannin hukumar safiyon ma'adinai, wadda aka kafa a 1919, sun bayyana inda kuza take kwance da yadda ake ɗebo ta. Sai taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:50,000 ta shekarun 1960, wadda yankinku ya faɗa cikin shafinta na Naraguta. Ta nuna kududdufai da madatsun ruwa da barikoki da sunayen da wasunsu sun ɓace daga bakin mutane.

Bayan taswira sai hotunan sama. Akwai waɗanda aka ɗauka da jirgi lokacin zana waɗancan taswirori, akwai kuma na tauraron leƙen asirin Amurka mai suna CORONA, da ya yi aiki daga 1960 zuwa 1972, aka saki hotunansa ga jama'a a 1995. Ka ɗora su a kan hotunan Google Earth na shekaru daban-daban cikin manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce. A nan za ka ga kududdufin da babu shi a wancan hoto ya bayyana a wannan, ko barikin da ke cike da ɗakuna ya zama gonar dankali. Hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2 su ma kyauta ne, amma kowane ɗigo nasu mita 10 ne a ƙasa, don haka suna nuna kududdufi, ba sa nuna bakin loto.

Ka kula da abu ɗaya da ya taɓa cinye mini kwana biyu. Tsofaffin taswirorinmu an gina su ne a kan ma'aunin Minna, wayarka kuwa da ma'aunin WGS84 take aiki. Idan ba ka daidaita su ba, wuri zai goce maka da abin da ya kusa tsawon filin ƙwallo. Na yi ta neman wani turken siminti na iyakar fili a cikin gonar masara, ashe yana can tsallaken rafi. Tun daga ranar, kafin komai sai na nemi abin da bai motsa ba, gada ko mahaɗar hanya ko ƙaton dutse, na gwada taswirar a kansa.

Bi ruwa

Idan akwai abu guda da nake so ka riƙe, wannan ne. Kuzar Filato yawancinta ba a cikin dutse ake fasa ta ba. Ruwan sama ne ya sassaƙo ta daga duwatsu tun zamanin da, ya zuba ta cikin tsakuwar tsofaffin rafuka. Nauyinta ya ninka na yashi wajen sau biyu da rabi, shi ya sa idan aka saki ruwa a kan ƙasar sai yashi ya tafi, baƙar kuza ta kwanta. Ma'ana, duk wanda ya haƙi kuza a nan, daga mace mai ƙwarya a bakin rafi har zuwa kamfani mai injin, sai da ya nemi ruwa, ya jawo shi, ya yi wanki, ya zubar. Kuma ƙasarmu tana yin wata biyar ko fiye ba ruwan sama. Saboda haka aka gina madatsu, aka yanka lambatu masu bin gefen tudu suna gangarawa a hankali, wasu na tsawon kilomitoci.

Wannan lambatu shi ne zaren da ya ɗinke filin. Mutum yana iya tsayawa gaban tulin ƙasa ashirin ya rasa gane komai, amma da ya sami bakin lambatu ɗaya ya bi shi, sai abubuwa su fara jeruwa: ga madatsa a sama, ga inda aka raba ruwa, ga ramin da aka haƙa, ga gurbin kwararon wanki, ga inda yashi ya baje, ga can ƙasa inda laka ta kwanta ta yi fili sumul. A yau lambatun yakan zama ɗan kwari marar zurfi da ciyawarsa ta fi ta kewaye kore, ko ya koma hanyar ƙafa, ko mai lambu ya gyara wani yanki nasa yana ban ruwa da shi. Da na fara aiki ramuka nake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, sai na tara lambobi da yawa ba labari. Ranar da na koma bin ruwa ne filin ya fara yi mini magana.

Tafiyar kanta tana da tsari. Ku jeru mutum uku ko huɗu, tsakaninku taku ashirin, ku ratsa fili a miƙe, ku juyo ta gefen da ba ku taka ba. Duk abin da aka gani a ba shi lamba, a ɗauki wurinsa da GPS, a auna tsawo da faɗi da zurfi, a ɗauki hoto da sandar awo a ciki, a yi ɗan zane a littafi. Kada ka raina zanen hannu, domin shi ke tilasta wa ido ya duba da kyau. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an yi girbi ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, kuma da sassafe ko da la'asar, sa'ad da rana ta karkata inuwa ke fito da ƙananan tudu da kwari.

Siffar tuli ma tana faɗin wanda ya tara shi. Aikin hannu yakan bar ƙananan tsibi barkatai, da duwatsun da aka tsince aka jera a gefe. Inda lebura suka yi ta juye kwanon sarki, tulin yakan miƙe kamar yatsa, samansa a baje saboda sawun masu ɗauka. Dogayen tuddai masu tsini da suka jeru a gefen kududdufi mai zurfi da miƙaƙƙen gaɓa, wannan aikin injin mai dogon hannu ne. Ramukan gwaji na kamfani suna tafiya a layi, tazararsu ɗaya. Loto kuwa baki ne zagayayye kamar rijiya, da zoben ƙasa kewaye da shi, kuma a cunkushe suke ba tsari, domin mai loto jijiyar kuza yake bi.

Wanne ya riga wanne

Mutane sukan tambaye ni gwajin kabon, wanda ake gane shekarun tsohon abu da shi. Ba ya amfani a nan, domin a kan abin da bai wuce shekara ɗari uku ba amsarsa ba ta rarrabewa. Abin da muke dogara da shi shi ne duba wanda ya yanke wani. Idan rami ya katse lambatu, lambatun ya girme shi. Idan tuli ya hau kan harsashin gini, ginin ne babba. Idan itatuwan turare da aka dasa don gyaran ƙasa, aikin da aka soma a ƙarshen shekarun 1940, suna tsaye a kan fili da aka baje, to haƙar wurin ta riga dashen. Sai ƙananan shaidu: lamba a jikin turken iyaka da za ka iya nemowa a fayil, sunan kamfani a jikin ƙarfen injin, kwalabe, bulo, anini ko kwabo mai huda. Kuɗi dai yana gaya maka cewa ba a yar da shi kafin shekarar da aka buga shi ba, iyakarsa ke nan, domin tsohon kwabo yana daɗewa a aljihu.

Ko da wannan duka ana yin kuskure. Na taɓa zana wani tuli na rubuta shi cikin aikin kamfani na kafin yaƙi, siffarsa ta dace, wurinsa ya dace da taswira. Wani dattijo da ke kallonmu ya ce mini, "Malam, wannan 'ya'yanmu ne suka juya shi bayan kamfani ya tafi, na asalin yana inda kake tsaye." Da muka duba gefen da ruwa ya zaizaye, sai ga ledar ruwa a can cikinsa. Ya fi ni gaskiya.

Batun injuna

Jirgi marar matuƙi shi ne ya fi ba da riba a irin filinmu, domin itatuwa ba su rufe shi ba. Ana ɗaukar hotuna ɗaruruwa masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fito da surar ƙasa, har lambatun da ido bai gani ba ya bayyana. Amma sai da izinin hukumar kula da jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, kuma ka tuna filin jirgin Heipang yana kusa da wuraren da za ka so tashi. Ƙurar hunturu ma tana dusashe hoto. Na'urar LiDAR, mai auna ƙasa da hasken leza, amfaninta ya fi fitowa a inda kurmi ya rufe ƙasa, ga ta da tsada, ba na ganin kana bukatarta.

Na'urar auna maganaɗisun ƙasa tana gano inda aka taɓa hura wuta mai ƙarfi. Da irinta aka yi aiki a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960, inda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tono tanderun narka tama da suka haura shekara dubu biyu. Tana da kyau idan tanderu kake nema, amma a filin kamfani guntayen ƙarfe da marmara da baƙin dutsen aman wuta suna rikita ta. Na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa tana iya nuna kogon loto da ya rufe, sai dai da rani busasshiyar ƙasa tana ba ta wahala. Shawarata, kada ka nemi kowace na'ura sai kana da tambayar da ƙafa da ido suka kasa amsawa.

Kada kuma ka manta cewa haƙar kuza ce ta buɗe mana abin da ya fi ta tsufa. A filin kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna, aka tsinci mutum-mutumin yumɓu na farko a 1928, kuma irin waɗannan tsince-tsince ne suka kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A Mai Idon Toro, a nan Filato, an sami makaman dutse na mutanen farko cikin tsakuwar kuza. Don haka duk gaɓar rami da ka samu a tsaye, ka dube ta daga sama har ƙasa. Sai dai abin da ka tsinta a kan tuli ya riga ya bar mazauninsa, yana nuna cewa akwai wani abu a yankin, ba ya nuna zurfin da ya fito.

Inda kakanka ya kwana

Wannan ɓangare shi ne ya fi damuna, domin shi aka fi sakaci da shi. Takardun kamfani sun ƙirga tan-tan na kuza, sun zana gidajen manajoji, amma ɗakin lebura na laka da ciyawa ne, damina kaɗan ke shafe shi. Wasu barikokin sun zama garuruwa, kamar Barikin Ladi da Bisichi da Dorowa Babuje da Sabon Gidan Kanar. Wasu kuwa sun koma kufai, ba abin da ya rage sai ɗan tudun da ɗaki ya rushe, da duwatsun murhu, da tsingaro, da juji, da bishiyar mangwaro ko gwaba a inda ba gida, da maƙabarta. Jujin nan ya fi komai daraja a wurina, domin shi ke nuna abin da mutane suka ci da irin tukwanen da suka zo da su daga garuruwansu.

Ba za ka gane waɗannan wurare kai kaɗai ba. Ka nemi tsofaffin lebura da helumomi da matan da suka yi dakon ƙasa ko sayar da abinci, kuma kada ka tsaya ga hira a zaure. Ka roƙi wanda ke da ƙarfi ya taka da kai. Wata tsohuwa ta taɓa tsayawa da ni a tsakiyar gonar kabeji ta ce, "Ɗana, nan ne kasuwa ranar biya, can masallaci, can kuma inda ake auna kuza." Babu ko ɗaya a taswirar da ke hannuna. Waɗanda suka ga zamanin kamfani da idonsu suna ƙarewa, don haka idan kuɗinka bai isa komai ba, fara da su.

Ka kuma ji daga bakin masu ƙasar. Ga Birom da maƙwabtansu, ramin da kakanka ya ci abinci a cikinsa gonar kakan wani ce da ta tafi, wani wurin ma wurin ibadarsu ne. Shingen ƙyarana da ya katse a bakin rami shaida ce ta gonar da aka cinye, ka sa shi a taswira kamar yadda za ka sa injin. Nazarin da ya ɗauki labarin ɓangare ɗaya ya bar ɗaya bai cika ba, kuma a garin nan ka san abin da hakan ke iya jawowa.

Izini, haɗari, da iyakar abin da za ka samu

Tono ba ya halatta sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, kuma ko safiyo za ka yi, ka je ofishinsu na Jos ka sanar. Ka bar abin da ka gani a inda yake, hoto da awo sun wadatar. Kafin hukuma ma akwai mai unguwa da Gwom, wato basaraken Birom na yankin, da mai gona. Baƙo da tef da taswira, ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen kamfani ko mai neman ƙwace fili, saboda haka ka tafi da ɗan gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma komo musu da kwafin abin da ka zana.

Kada ka shiga loto ko da an ce maka ba zurfi. Yana ruftawa, iskar cikinsa tana kisa, kuma ciyawa tana rufe bakin tsofaffi, shi ya sa muke tafiya da sanda. Gaɓar kududdufi tana zabtarewa. Baƙin yashin da ke wuraren tace kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, kada ka kwashe shi zuwa gida. Auna haɗarinsa aikin masana kimiyyar fiziks da lafiya ne, ba nawa ba, ka nemi na Jami'ar Jos.

Akwai kuma abin da safiyo ba zai ba ka ba. Aikin masu wanki na kafin Turawa yawancinsa injin ya haɗiye shi, domin kamfanoni a kan wuraren da suka tarar ana samu suka fara sauka. 'Yan gwangwan sun yanke injuna da yawa sun sayar, gine-gine suna hawa kan filayen Rayfield da Bukuru, 'yan loto kuma suna juya abin da ka auna bara. Taswirarka hoton rana ɗaya ce, don haka ka rubuta kwanan wata a kan kowane shafi.

Da ni ne kai, ba zan ɗauki Filato duka ba, ko Bukuru duka. Zan tambayi dattawan gidanku sunan barikin da kakanka ya fara sauka da kamfanin da ya yi wa aiki, in nemo wurin a shafin Naraguta, in zaɓi rafi ɗaya da ke kusa da shi, tsawon kilomita biyu ko uku. Wannan ya ishi digiri na biyu, kuma ɗalibanka na aji biyar za su iya riƙe maka tef ranar Asabar, in iyayensu sun yarda kuma ka nisanta su da bakin ramuka. Idan ka samo sunan barikin, ka sake rubuto mini, mu duba tsohuwar taswirar tare kafin ciyawa ta bushe.